Fim ɗin Yaƙi Daga Gidan Silima Zuwa Cikin Gida: Tarihin Labarin Remarque a Majigi, 1930 Zuwa 2022

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an sami babban canji a yadda jama'a suke kallon finafinan yaƙi da na faɗa. Da can sai mutum ya shirya ya tafi gidan silima, ya yanki tikiti, ya zauna cikin ɗaruruwan mutanen da bai san su ba, a yi dariya tare, a yi tsit tare. Yanzu kuwa fim ne yake iske mutum a ɗakinsa ta hanyar intanet, ko a akwatin talabijin ko a wayar hannu. Kamfanin Netflix, wanda aka kafa a Amurka a 1997 don aika wa mutane fayafayan bidiyo ta gidan waya, ya fara haska finafinai ta intanet a 2007, sa'an nan a watan Janairu na 2016 ya buɗe harkarsa a ƙarin ƙasashe 130, har da Nijeriya. Annobar korona ta 2020, wadda ta sa aka rufe gidajen silima a ƙasashe da dama, ita ce ta ƙara ingiza al'amarin. A shekarar ne fim ɗin Greyhound na Tom Hanks, wanda ya shafi yaƙin jiragen ruwa a tekun Atlantika, ya fasa zuwa silima, aka sayar wa kamfanin Apple ya haska shi ta intanet.

Makasudin wannan takarda shi ne duba abin da wannan ƙaura ta jawo wa fim ɗin yaƙi. Don kada mu yi ta shawagi a sama, za mu ɗauki labari guda wanda aka mayar da shi fim har sau uku, kowanne a zamaninsa, kowanne kuma don wurin kallo daban. Labarin shi ne na Erich Maria Remarque, wanda aka sani da sunan All Quiet on the Western Front. An yi shi don gidan silima a 1930, aka yi shi don talabijin a 1979, aka sake yin sa don masu kallo ta intanet a 2022. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, wurin da ake kallon fim yana da hannu a cikin abin da fim ɗin yake faɗa, da kuma abin da yake iya yi wa masu kallonsa.

2.0 Asalin Labarin

An haifi Remarque a garin Osnabrück na ƙasar Jamus a 1898. Yana da shekara 18 aka ɗauke shi soja, aka tura shi fagen fama na yamma a 1917. Wannan fage layi ne na ramukan fake mai tsawon kimanin kilomita 700, daga gaɓar tekun Beljiyam har zuwa iyakar Suwizalan, inda Jamusawa suka yi shekara huɗu suna fuskantar Faransawa da Ingilishi ba tare da wani ya ture wani sosai ba. A ƙarshen watan Yuli na 1917 ɓarɓashin harsashin igwa ya ji masa rauni, ya yi sauran yaƙin a asibiti.

Shekara goma bayan an ajiye makamai labarin ya fito, da farko kashi-kashi a wata jaridar Balin mai suna Vossische Zeitung a ƙarshen 1928, sa'an nan a matsayin littafi a Janairun 1929. Ma'anar sunansa da Jamusanci ita ce babu wani sabon labari daga yamma. Cikin wata 18 aka sayar da fiye da kwafi miliyan 2 a harsuna sama da 20.

Labarin na wani saurayi ne, Paul Bäumer, da 'yan ajinsu, waɗanda malaminsu Kantorek ya zuga su da daɗin baki har suka bar makaranta suka shiga soja. A fagen fama suka gamu da yunwa da ƙwarƙwata da iskar guba, suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani tsohon soja mai suna Katczinsky shi ya zame musu uba. Wurare uku ne ginshiƙan labarin. Na farko, takalman Kemmerich, waɗanda suke wucewa daga ƙafar mamaci zuwa ƙafar mai jiran tasa mutuwar. Na biyu, daren da Paul ya kwana a rami ɗaya da wani sojan Faransa da ya soka da wuƙa, yana kallon sa yana cikawa, daga baya ya ga a takardunsa cewa ma'aikacin ɗab'i ne mai mata da 'ya. Na uku, hutun da Paul ya tafi gida, ya tarar da mahaifiyarsa tana jinya, dattawan gari kuma suna zaune a mashaya suna koya masa yadda za a ci birnin Faris. Nan ne ya gane cewa shi da mutanen garinsu ba sa jin harshen juna. Paul ya mutu a watan Oktoba na 1918, a ranar da aka yi shiru har rahoton soja bai ga abin ambata ba. Daga nan sunan littafin ya samo asali.

3.0 Shekarar 1930: Fim a Cikin Taro

Kamfanin Universal na Amurka shi ya fara mayar da labarin fim. Mai kamfanin, Carl Laemmle, haifaffen Jamus ne wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka, ɗansa ne ya shirya fim ɗin, Lewis Milestone ya ba da umarni, Lew Ayres kuma ya fito a matsayin Paul. An haƙa ramukan faken a wani fili a jihar Kalifoniya, aka kuma yi amfani da tsofaffin sojojin Jamus mazauna can. Lokacin fim mai magana bai wuce shekara uku da fitowa ba, saboda haka ƙarar igwa da rugugin bindiga mai jigida baƙin abu ne a kunnen masu kallo. Fim ɗin ya ci lambar Oscar ta gwarzon fim da ta mai ba da umarni.

Milestone ya riƙe ginshiƙan nan uku, har ma ya ƙara wa na ukun kaifi. A fim ɗinsa Paul ya koma ajin da ya baro, ya iske Kantorek yana yi wa sababbin yara irin huɗubar da ya yi musu. Aka ce ya ba su labarin jarunta, sai ya gaya musu gaskiyar abin da ya gani, yaran suka yi masa ihun matsoraci. A ƙarshe an nuna hannun Paul yana miƙawa daga rami zai kama malam-buɗe-littafi, wani gwanin harbi na Faransa ya ɗauke shi.

Abin da ya faru da fim ɗin ya isa Jamus shi ne ya fi shafar bayaninmu. A zaɓen Satumba na 1930 jam'iyyar Hitila ta sami kujeru 107, ta zama ta biyu a majalisa. Aka fara nuna fim ɗin a zauren Mozartsaal na Balin a farkon Disamba. A daren 5 ga wata Joseph Goebbels ya shigo da magoya bayansa cikin zauren, suka yi ta ihu, suka fasa abubuwa masu wari, suka saki fararen ɓeraye a tsakanin kujeru, dole aka tsayar da majigi. Aka yi kwanaki ana zanga-zanga a tituna. Ran 11 ga Disamba hukumar tace finafinai ta hana nuna fim ɗin, da hujjar wai yana zubar da mutuncin Jamus a idon duniya. A 1931 aka sassauta bayan an yanke wasu sassa, amma da Hitila ya hau mulki a 1933 sai aka haramta shi ɗungum. Ran 10 ga Mayu na wannan shekara littafin Remarque yana cikin waɗanda aka ƙona a bainar jama'a. A 1938 aka ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa, a 1943 kuma aka yanke wa ƙanwarsa Elfriede Scholz hukuncin kisa, aka fille mata kai a watan Disamba, saboda maganganun da aka ce ta yi na cewa an riga an ci Jamus da yaƙi.

Me ya sa 'yan Nazi suka damu da fim haka, alhali littafin ya yi kusan shekara biyu a kasuwa? Dalili shi ne, littafi mutum ɗaya ke karanta shi a ɗaka, silima kuwa taro ne. Idan mutum ɗari biyar suka yi hawaye a zaure guda, kowa ya ga hawayen ɗan'uwansa, ya san ba shi kaɗai ne yake da wannan ra'ayi ba. Wanda yake shirin sake kai ƙasa yaƙi ba zai so haka ba. Ta ɗaya gefen kuma, taro yana da ƙofa guda, wanda ya tare ta ya tare fim. Ƙarfin silima da rauninta wuri ɗaya suke. Mu ma a ƙasar Hausa mun san darajar da hukuma take ba wa kallon taro, domin a 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen finafinai na ƙasashen da take mulka musamman don bayyana wa talakawa Yaƙin Duniya na Biyu, motocin majigi kuma suka yi ta zagaya garuruwa suna tara jama'a a dandali.

4.0 Shekarar 1979: Fim a Tsakar Iyali

Bayan kusan shekara 50 aka sake ɗaukar labarin, wannan karon don talabijin. Delbert Mann ya ba da umarni, Richard Thomas ya fito a Paul, Ernest Borgnine a Katczinsky, aka ɗauki fim ɗin a Cekoslobakiya, tashar CBS ta Amurka ta nuna shi a Nuwamba na 1979. Ya zo ne shekara huɗu bayan ƙarewar yaƙin Biyetnam, yaƙin da Amurkawa suka riƙa ganin hotunansa a labarun talabijin suna cikin gidajensu. A shekarar ne kuma Apocalypse Now ya fito a silima.

A cikin ukun wannan ne ya fi bin littafin sau da ƙafa. Paul ne yake ba da labari da bakinsa, an bar hutun gida da ziyarar da ya kai wa mahaifiyar Kemmerich, inda ya rantse mata da ƙarya cewa ɗanta bai sha wahala ba. A ƙarshe an nuna shi yana zanen wani tsuntsu, ya ɗaga don ya gan shi da kyau, aka harbe shi. Allon talabijin na wancan zamani ƙarami ne, bai iya ɗaukar faɗin fagen fama, saboda haka aka dogara da fuskoki da zance. Masu kallon ma sun ragu daga zaure zuwa iyali, amma har yanzu da sauran taro, tun da ƙasa guda ce take kallo a dare guda, gari ya waye a tattauna a wurin aiki. Ba a yi zanga-zanga ba, ba a hana shi ba, ya ci lambar Golden Globe.

5.0 Shekarar 2022: Fim a Hannun Mutum Ɗaya

Na ukun shi ne karo na farko da Jamusawa da kansu suka yi fim ɗin da harshensu. Edward Berger ya ba da umarni, Felix Kammerer ya fito a Paul, aka ɗauke shi a Jamhuriyar Cek a 2021. An nuna shi a bikin finafinai na Toronto a Satumba na 2022, ya ɗan zaga gidajen silima, Netflix ya sake shi ran 28 ga Oktoba. Kafin nan Rasha ta riga ta auka wa Yukiren a watan Fabrairu, hotunan sojoji cikin ramuka da taɓo sun dawo labarun duniya, sai fim ɗin ya zo a kan gaɓa ba da shirin masu shi ba. A 2023 ya ci lambobin BAFTA 7 a Ingila da na Oscar 4, wato na gwarzon fim ɗin ƙasar waje da na ɗaukar hoto da na kiɗa da na tsara wurare.

Ko shakka babu fim ne da ya cancanci kallo. Farkonsa kaɗai ya isa darasi: an kashe wani yaro mai suna Heinrich, aka tuɓe kakinsa, aka wanke jinin, mata suka ɗinke hujin a kan keken ɗinki, aka miƙa wa Paul rigar da sunan mamacin a wuyanta. Wannan shi ya maye gurbin takalman Kemmerich, ya kuma nuna yaƙi a matsayin masana'anta. Daren ramin nan da sojan Faransa ma an yi shi yadda ya kamata.

5.1 Abin da Aka Ƙara

Berger ya shigo da abin da babu shi a littafin, wato tattaunawar tsagaita wuta a cikin taragun jirgin ƙasa a dajin Compiègne, tsakanin wakilin Jamus Matthias Erzberger da Marshal Foch na Faransa. Wannan tarihi ne tabbatacce. An sa hannu da asubahin 11 ga Nuwamba 1918, aka ce harbi zai tsaya da ƙarfe 11 na safe. Erzberger bai tsira ba, domin masu ra'ayin riƙau sun ɗauke shi maci amana, suka harbe shi a Agusta na 1921. Amma an kuma ƙirƙiro wani janar mai suna Friedrichs, wanda ya tura yaransa hari saura 'yan mintoci wa'adi ya cika, a nan aka soke Paul ta baya.

Wannan ƙarshe ya saɓa wa tarihi da littafi baki ɗaya. A tarihi, hare-haren safiyar ƙarshe daga ɓangaren rundunonin ƙawance suka fi fitowa, sojan da aka fi ambata a matsayin na ƙarshen mutuwa ma Ba'amurke ne, Henry Gunther, wanda ya faɗi saura minti ɗaya. A littafi kuwa, ciwon mutuwar Paul shi ne ta zo a ranar da ba ta da suna. Da aka mayar da ita tsere da agogo, aka kuma ɗora laifin a kan mugun mutum guda, sai labarin ya ari rigar finafinan faɗa da na sa fargaba. Masu sharhi da dama a jaridun Jamus sun koka da haka, ko da yake a Ingila da Amurka yabo ya fi yawa.

5.2 Abin da Aka Cire

Babban abin da aka cire shi ne hutun gida. Paul na 2022 bai koma garinsu ba, bai ga mahaifiyarsa ba, bai zauna da dattawan mashaya ba, bai sake haɗa ido da malamin da ya zuga shi ba. An ga shugaban makaranta yana huɗuba a farko, daga nan ba a ƙara waiwayar sa ba. Ke nan fim ɗin da aka yi don kallo a gida shi ne wanda ya fitar da gida daga cikin labarin.

A ganinmu wannan yana da nasaba da halin mai kallo ta intanet. Wanda ya biya kuɗi ya shiga silima zai daure da wurin da labari ya lafa, domin ya riga ya zauna. Wanda yake riƙe da waya kuwa, da zarar ya ƙosa sai ya taɓa allo ya koma wani fim, ga shi kuwa a gefe an jera masa irin su Extraction na 2020, wanda harbi ne daga farko har ƙarshe. Dole mai shirya fim ya yi gasa da wannan. Sai dai sashen da ya lafa ɗin shi ne yake ɗauke da tuhumar Remarque. Idan laifin yaƙi na wani janar ne mai cin nama a fada, mai kallo zai la'ance shi ya kwanta barci. Idan kuwa laifin ya haɗa da malami da uba da maƙwabci, waɗanda suka tafa wa yara hannu suka raka su tasha, to tuhumar ta shigo ɗakin mai kallo. Wannan ita ce 'yan Nazi suka ji zafinta a 1930.

6.0 Fagen da Ba a Cika Nunawa Ba

Duk da haka bai kamata mu manta da alherin sabuwar hanyar ba. Ba ta da ƙofa guda da za a tare da ɓeraye, kuma ta ba da fili ga labarun da manyan gidajen silima ba su cika ɗauka ba. Fim ɗin labari na farko da Netflix ya fitar da sunansa, a Oktoba na 2015, fim ɗin yaƙi ne na Afirka ta Yamma, Beasts of No Nation, daga littafin Uzodinma Iweala. An ɗauke shi a Gana, Idris Elba ya fito a madugun 'yan tawaye, wani yaro ɗan Gana, Abraham Attah, ya fito a sojan da aka raba da ƙuruciyarsa. Manyan kamfanonin silima na Amurka sun ƙi nuna shi saboda an sake shi ta intanet a rana guda. Madugun nan da Kantorek aikinsu ɗaya, wato mayar da yaro makami ta hanyar magana.

Haka nan Yaƙin Duniya na Farko bai tsaya a kan samarin Turai ba, ko da yake finafinai irin su 1917 na Sam Mendes, wanda ya fito a 2019, a kansu suka fi karkata. Faransa ta kwashi fiye da mutum 130,000 daga Afirka ta Yamma ta kai su ramukan Turai, kimanin 30,000 ba su dawo ba. Fim ɗin Tirailleurs na 2022, inda Omar Sy ya fito a matsayin uban da ya shiga soja don ya kare ɗansa, yana magana da Fillanci, ya taɓo wannan tarihi. Sojojin Nijeriya kuma sun yi yaƙi da Jamus a Kamaru, inda Garwa ta faɗi a Yuni na 1915, dutsen Mora ya miƙa wuya a Fabrairu na 1916, daga baya aka kai su Afirka ta Gabas. Wannan fili ne da yake jiran masu shirya finafinanmu.

7.0 Kammalawa

Mun bi labari guda ta alluna uku. A 1930 taro ne ya kalle shi, ya girgiza hukuma har ta hana shi. A 1979 iyali ne suka kalle shi, ya tsaya kusa da littafinsa. A 2022 ya kai ga ƙasashen da na farkon bai taɓa takawa ba, amma ya iske kowa shi kaɗai, ya kuma bar sashen da yake tuhumar mutanen gida don ya riƙe hankalin mai kallo.

Shawararmu ga malaman tarihi da na adabi, musamman mu da muke horar da malaman gobe, ita ce mu mayar wa waɗannan finafinai taron da suka rasa. A haska na 2022 a aji, a biyo shi da sashen komawar Paul makaranta daga na 1930, a haɗa da Beasts of No Nation, sa'an nan a tambayi ɗalibai wane ne ya aika yaran nan fagen fama, da wace irin magana kuma. Ɗalibin da zai tsaya gaban allo gobe ya kamata ya san cewa Kantorek malamin makaranta ne, da alli a hannunsa ya yi abin da ya yi.